Abin da Gizo ya koya mini a aji biyu

Shekarar da na fara koyarwa a wata firamare a yankin Fakuwa, cikin ƙaramar hukumar Kankia, na ɗauka ajin da ya yi tsit shi ne ajin da ake karatu. Kullum sai in rubuta baƙaƙe a allo, in ce "ba, be, bi", yara su amsa da ƙarfi. Ran da na nuna wa wani yaro "bi" ita kaɗai na ce ya karanta, sai ya zuba mini ido.

Wata Alhamis na shiga aji da wani ɗan littafi mai hotuna, na tatsuniyar Gizo da 'yar danƙo. Ina cewa "Ga ta nan, ga ta nanku", wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta ɗaga hannu.

"Malam, ba a tatsuniya da rana sai an ɗaure Gizo."

Na tsinko ciyawa a bakin taga, na ƙulla, na ajiye a kan tebur. Sannan suka ce, "Ta zo mu ji ta."

Na ɗaga shafin da Gizo ya shiga gonar gyaɗa sata, ya tarar da 'yar danƙo tsaye, ya gaishe ta ba ta amsa ba. Na kwaikwayi tsamin bakinsa. Kafin in juya shafi, wani yaro daga baya ya yi ihu: "Kada ka mare ta, za ka maƙale!" Da suka ga hannu da ƙafa da goshi duk sun manne, har na kan tabarma suka kife don dariya. Hedimasta ya leƙo, ya tsaya a ƙofa, shi ma bai tafi ba sai da aka ce ƙurunƙus.

Na fita da darussa uku. Na farko, yaron da ya yi dariya a daidai wurin dariya ya fahimci labari. Wannan shaida ce da haddar "ba, be, bi" ba ta taɓa ba ni ba. Na biyu, hoto ma karanta shi ake yi. Tun daga ranar nakan zaga da littafin layi-layi, in tambaye su me suka gani, me suke tsammanin zai biyo baya, sannan in karanta rubutun. Na uku, yaro na zuwa makaranta da ilimin da ya sha a ɗakin kakarsa. Yarinyar nan ta fi ni sanin ƙa'idar Gizo, kuma ita ce ta fara gane sunansa a rubuce, ta ɗora yatsa a kai.

Abubakar Imam, wanda ya koyar a Midil ta Katsina, ya san wannan tun da daɗewa. Littafinsa Magana Jari Ce, da aka fara bugawa a 1937, an shirya shi don makarantu, amma ya cika shi da aku mai surutu da labaran ban dariya. Har gobe manya na tuna su.

Malamai 'yan'uwana, ko littafi ɗaya gare ku, ku ɗaga shi sama kowa ya gani, ku sauya murya, ku bar yaran su yi dariyarsu.