Sabulun gida: a auna kafin a kai kasuwa

A wani ƙauye kusa da Tasawa akwai wata mata mai yin sabulu da man gyaɗa da soda. Da kuɗin sabulun take sayen gishiri da kayan miya. Ba ta da ma'auni, da ido take zuba soda.

Wata rana ta yi sabulu kwarya guda. Kwana uku ya rage a ci kasuwa. Ta ɗauki dunƙule ɗaya ta ba ɗiyarta ta yi wa jariri wanka. Yaro ya yi ta tsala kuka. Da gari ya waye bayansa ya yi ja, fata ta saɓule. Suka kai shi likita.

Malamin likita ya ba da magani, ya ce a kawo masa sabulun. Ya jiƙa shi, ya murza har ya yi kumfa. Ya ɗora wata ƴar takarda a kan kumfar. Takarda ta canza launi.

Ya ce: "Inna, wannan takarda tana auna kaifin abu. Sunan awon pH. Lambobinsa daga 0 zuwa 14 ne. Ruwa mai kyau yana kan 7. Ruwan lemun tsami yana wajen 2. Sabulun kirki yana tsakanin 9 da 10. Naki ya kai 12. Soda ta fi ƙarfin mai, ita ce ta ci fatar jikanki."

Ta ce: "Malam, to sauran fa? Jarina ke nan duka."

Ya ce: "Wanda zai saya, shi ma yana da yaro a gida."

Ranar kasuwa ba ta fita ba. Ta yayyanka sabulun, ta narkar da shi, ta ƙara mai. Ta ajiye shi a inuwa inda iska ke shiga. Bayan sati 4 ta sake kai shi awo. Takarda ta nuna 10. Sai ta kai kasuwa.

Yanzu ta sayi ƙaramin sikeli. Kilo 1 na man gyaɗa, giram 130 na soda. Sodar take zubawa cikin ruwa, ba ta zuba ruwa a kan soda, don kada ya fantsama. Ba ta haɗi a tukunyar sanholo, domin soda tana cin ta. Tana rufe hannu, tana korar yara daga wurin. In ruwan soda ya taɓa jiki ko ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a tafi likita.

Ƴan uwa mata masu wannan sana'a, sabon sabulu sai ya huta sati 4 zuwa 6. In ya yi ɓarɓashi, ko yana yi wa hannu zafi, kada a sayar, kada a wanke yaro da shi.

Bayan yaron ya warke. Kakarsa kuwa ba ta ƙara zuba soda da ido ba.