Rigar Littafi

Takarda tana da riƙon amana, amma ba ta da ƙarfin kare kanta. Ruwa yana jiƙa ta, gara tana cin ta, kyankyaso yana lasar ta, yaro kuma in ya same ta sai ya kekketa. Saboda haka wanda Allah ya ba shi ikon karatu da rubutu bayan ya girma, da sauran aiki guda a gabansa, watau ya san yadda zai yi wa littafinsa riga.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malaman da ba su ɗinke littattafansu, warƙa-warƙa suke barinsu. Takardar ma daga nesa take zuwa. A ƙarni na 19 da yawanta daga Italiya ake kawo ta, ta ƙetaro Sahara bisa raƙuma, in an ɗaga ta a rana sai a ga alamar jinjirin wata uku a jikinta. Abin da ya sha irin wannan tafiya ba a wasa da shi. Sai a naɗe shi cikin tadarishi na fata, a ɗaure, a sa a gafaka, a rataye inda lema ba ta kaiwa. Fatar kuwa ta gida ce. Majema suna jeme ta da bagaruwa, dukawa su rina su ɗinka. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna har Turai, inda ake ce da ita fatar Maroko, domin ta hannun fataken Arewacin Afirka take isa can. A 1851 Bajamushen nan Dokta Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano, ya rubuta labarin jemammun fatu da takalma da ake fita da su daga birnin.

Akwai wata mata a wani ƙauye na ƙasar Kano, ta shiga ajin yaƙi da jahilci tana da jikoki. Da ta sami takardar shaida, matan unguwa suka naɗa ta uwar adashi, su goma sha biyu. Ta sayi ɗan littafi mai bangon takarda, kowace Jumma'a ta rubuta sunan wadda ta zuba da abin da ta zuba. Ana nan, wani dare cikin damina ɗakinta ya yi yoyo, ruwa ya sami littafin, tawada ta narke a shafi biyu. Ranar kwasa wata ta ce ta yi zubi sau biyu a makonnin nan, ita kuwa uwar adashi ta san sau ɗaya ne, amma ba abin nunawa. Don gudun ɓacin zumunci ta cika daga kuɗin da take tarawa za ta sayi 'yar akuya.

Tana da wa baduku. Ta je ta same shi a rumfarsa, ta gaishe shi, ta ce, "Yaya, ragowar fatar nan da kake zubarwa nake so."

Ya ce, "Me za ki yi da ita, ƙanwata?"

Ta ce, "Riga zan yi wa littafi."

Ya yi dariya, ya ce, "Ai kuwa gado kika taɓo. Zauna in nuna miki."

Ga yadda suka yi. Suka ninka takarda goma biyu-biyu, suka sami shafi arba'in. Suka huda wuri uku a kan ninkin da basilla, suka ɗinke da zare mai ƙarfi wanda aka murza da kakin zuma, don kada ya yanka takardar. Sa'an nan suka yanka kwali biyu, kowane ya ɗara takardar kaɗan ta gefe uku. Ya nuna mata inda littafi yake fara mutuwa, watau gadon bayansa da kusurwoyinsa, ya ce nan ne wurin fata. Sauran fuskar kuwa ƙyallen atamfa ya isa, irin wanda tela yake sharewa da yamma. Suka liƙa da sitacin rogo, amma kaɗan-kaɗan, gama kyankyaso yana son sitaci. Da suka gama suka sa leda tsakanin bango da takarda, suka danne da dutsen niƙa a inuwa har kwana biyu. In da a rana suka shanya, da kwalin ya lanƙwashe.

Wajen launi ma ba su sayi kome a kanti ba. Ja daga karan dafi yake fitowa, in an jiƙa shi da ruwan toka. Rawaya daga gangamau, amma ita ba ta jimre rana. Baƙi kuwa kuloko ne, wanda ake haɗawa da kashin maƙera. Dalilin da ya sa yake kama fata ƙwarai shi ne, ƙarfen da ke cikinsa yana gamuwa da bagaruwar da aka yi jima da ita, nan take wurin ya yi baƙi ƙirin, ba ya fita. Da shi ta zana dagi a tsakiyar wata 'yar fata, ta ɗinka a kan atamfar da jan zare. Daga ƙarshe ta kafa wuri guda a bakin bangon, ta sa siririyar igiyar fata ta ɗauri, ta roƙi wanta ya ɗinka mata 'yar gafaka.

Wani zai ce, kariya dai an gane amfaninta, amma adon fa, na mene ne? To, adon ma yana da aikinsa. Littafinta na adashi mai jan bango ne, na bashin ƙuli-ƙuli mai shuɗi, wanda take rubuta ranakun haihuwar jikoki kuwa shi ne mai fata duka. Ko da duhun magariba ba ta ɗaukar wani a maimakon wani. Matan da ba su iya karatu ba su ma sun san jan littafi, in an buɗe shi gaban kowa aka rubuta, hankalinsu ya kwanta. Yara kuma da suke yagar kowace takarda, wannan ba su taɓa shi, domin sun ga an girmama shi kamar littafin malam.

Har wa yau akwai wani amfani wanda ba a gani da ido. Wanda ya ɓata kwana biyu yana yi wa littafi riga, ba ya yarda ya bar cikinsa fanko. Mutane da yawa sun fita aji da hannu mai kyau, amma da suka daina rubutu sai haruffa suka gudu daga gare su ɗaya-ɗaya. Ita kuwa matar nan, ganin littafin a rataye kullum yana kiranta ta rubuta wani abu, ko da farashin gero ne a kasuwar ranar.

Saboda haka mai karatu ya duba abin da ke kusa da shi. Kwali yana wurin mai kanti, ƙyalle yana wurin tela, guntun fata yana wurin baduku. Ya rubuta iyakar gonarsa da sunayen shaidu, da bashin da ake binsa da wanda yake bi, da ranar haihuwar 'ya'yansa. Sa'an nan ya rubuta sunansa da na garinsa da shekara a cikin bangon, ya rataye nesa da ƙasa, don wanda zai buɗe bayansa ya same shi lafiya.