Babur Ɗaya, Mahaya Uku

A wani ƙauye da ke arewa da garin Sule Tankarkar, inda kwalta ke ƙarewa rairayi ya karɓa har iyakar Nijar, wani magidanci ya sayar da riɗinsa da zoɓonsa a kasuwar Maigatari ranar wata Alhamis ta kaka, ya dawo gida da kuɗin babur ɗaya. Masu hawa kuwa uku ne. Akwai shi kansa, ya doshi shekara 60, gwiwa ta fara yi masa gardama. Akwai babban ɗansa, dogo ƙaƙƙarfa, wanda ya yi acaɓa a Kano kafin a hana sana'ar a farkon 2013. Sai autansa, siriri gajere, ɗan shekara 17, wanda bai taɓa tuƙa komai ba in ban da keke da amalanken shanu. In aka yi kuskuren zaɓi, babu gyara sai wata kakar, ita ma in damina ta yi kyau.

Autan ne ya fara kawo shawara, kuma daga waya ya ɗauko ta. Ya nuna wa mahaifinsa bidiyon samari suna tsere da babur mai ƙafa huɗu a kan tuddan yashi na Dubai, ya ce: “Baba, wannan ai ba ya faɗuwa. Ko ƙafata ba ta kai ƙasa ba, babu komai.”

Ko da akwai kuɗinsa, ko da bakaniken Gumel na da kayan gyaransa, maganar yaron ba daidai ba ce, kuma kuskurensa ya cancanci a tsaya a kansa. Kakan waɗannan injina shi ne mai ƙafa uku da kamfanin Honda ya fitar a 1970, wanda yawan kifewarsa ya sa aka daina sayar da sababbinsa a Amurka a 1988. Masu ƙafa huɗun da suka gaje shi, irin na tsere matsakaita, su ne kamar Honda TRX400EX da ya fito a 1999, da Suzuki LT-Z400 na 2003, da Yamaha Raptor 350. Tayoyinsu na baya a kan ƙarfe guda suke, tare suke juyawa, don haka a kwana injin miƙewa yake so ya yi. Mahayi ne zai zame daga kujera ya jefa nauyinsa cikin kwanar, in ba haka ba tayoyin ciki su ɗaga. Na Honda da na Suzuki kowanne ya kusa kilo 170 kafin a zuba mai. Siririn yaro ba shi da nauyin da zai rinjayi wannan, kuma in abin ya kife, a kansa zai kwanta. Shi ya sa masu koyarwa a can suke tura ɗan koyo zuwa ƙaramin TRX250X, mai kulocin da ba ya barin inji ya mutu a hannun sabon shiga, su bar Suzuki, mai zafin tashi, ga wanda hannunsa ya faɗa. Sannan duk an haramta goyo a kansu, kuma a ƙasar Gumel abin hawan da ba ya goyo kayan ado ne.

Da aka sauko daga Dubai, sai gardamar ta koma kan abin da ke shagunan Gumel, kuma tambayar ba ta sauya ba: jikin wa zai iya da wane inji?

Babban ɗan Boksa yake so, ta kamfanin Bajaj na Indiya, kuma babbar, mai inji 150. Hujjarsa mai ƙarfi ce. Shi zai ɗauki buhun gero zuwa kasuwa, shi zai goya mahaifiyarsa zuwa asibiti, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, tafiya biyu a inda ɗaya za ta isa hasara ce. Uban kuwa zuciyarsa na kan roba-roba, ƙaramin babur mara kuloci a hannu, wanda tsarinsa ya samo asali daga Super Cub na Honda na 1958. Ana hawansa ba sai an ɗaga ƙafa sama ba, abin da mai ciwon gwiwa da babbar riga ya san darajarsa. A cikin gari babu kamarsa.

Rairayi ne alƙalin wannan shari'a, kuma hukuncinsa ya saɓa wa abin da jiki ke raya wa mutum. Da tayar gaba ta shiga yashi mai laushi kan babur ya fara rawa, zuciya cewa take a saki totur a kama birki. Wanda ya yi haka ya tura nauyi gaba, tayar ta nutse ta karkace, sai ƙasa. Gwani baya yake komawa a kan kujera, ya riƙe totur daidai ba ƙari ba ragi, ya sassauta hannu ya bar kan ya yi rawarsa, idonsa can nesa. Masu bin hanyoyin amalanke kullum har ɗan rage iskar taya suke yi don ta shimfiɗu. Duk wannan koyonsa ake yi, kuma kafin a iya, ƙafa ce ke ceton mutum: ya dogara nan, ya dogara can, kamar mai tuƙa kwalekwale. Wanda da ƙyar yatsunsa ke taɓa ƙasa ba shi da wannan ceto. Ƙarin ƙarfin inji ma, da yake wa gwani amfani, ga ɗan koyo tarko ne, domin murɗa kaɗan cikin firgici ya isa tayar baya ta tona rami ko ta watsar da shi gefe.

Roba-roba ba ta da wannan haɗarin, amma tana da nata raunin. Cikinta kusa da ƙasa yake, tayoyinta sirara ne, kuma in aka ɗora mata buhu aka shiga yashi mai zurfi, kulocinta na ciki zamewa yake ta yi yana ɗaukar zafi. Ƙato kamar babban ɗan in ya hau ta, gwiwoyinsa har hannun babur suke kaiwa. Za ta yi wa uban daidai ranar Juma'a, ta gaza wa gidan sauran kwana shida.

Wani dattijon bakanike a Gumel ne ya raba gardamar, kuma bai tambayi ƙarfin inji ba. Ya sa kowannensu ya hau babur a tsaye ya sauke ƙafafu. Sannan ya kwantar da wata tsohuwar Boksa a ƙasa ya ce wa autan: “Yaro, ɗaga ta.” Ya ɗaga ta da ƙyar, jijiyoyin wuya a waje.

“Alhaji,” in ji bakaniken, “abin da ɗanka ba zai iya ɗagawa shi kaɗai a daji ba, kada ka ba shi makullinsa. Wannan ƙaramar ce, ka ga yadda ya sha. Ka bar babbar.”

Ƙaramar Boksa mai inji 100 suka saya. Babban ɗan bai ji daɗi ba, kuma yana da gaskiyarsa: da buhu biyu a baya zai riƙa sauko da giya a tudun da babbar za ta haye a guje. Shi aka tauye domin ƙanensa, ya kuwa san haka. Aka kai kujerar wajen mai ɗinki ya rage soson gabanta, har tafin ƙafar autan ya kusa zama a ƙasa, uban ma ya sami sauƙin hawa.

Sharaɗi ɗaya aka gindaya wa yaron, kuma yayansa ne ya kawo shi. Daga kaka zuwa bazara rairayi ƙara laushi yake, ƙafar shanu da tayar amalanke na niƙa shi har ya koma kamar gari. Ruwan fari ne ke daddaɓe shi ya yi tauri. Saboda haka a rani filin makarantar firamare kaɗai aka yarje masa, ba goyo, ba kaya, hular kwano a ka. Hanyar Sule Tankarkar sai damina ta sauka.

Da ruwa ya zuba cikin watan Yuni, washegari da sassafe, kafin rana ta busar da hanya, yayan ya miƙa masa makulli ya hau baya.

“Yaya, ai an ce ba goyo.”

“Ni ba goyo ba ne. Sa giya ta biyu, kada ka kalli taya.”