Rediyo marar allura da wahalar canza mita

Duk wanda ya tashi da akwatin rediyo mai allura ya san da zarar an murɗa, tasha ta canza, shi ke nan. Ni ma da wannan sani na girma. Amma rediyon da nake ɗaukar shirye-shirye da shi yau ba shi da allura. Ɗan ƙarfe ne kamar yatsa da ake sokawa a kwamfuta, sunansa RTL-SDR. Don kallon telebijin aka ƙera shi, sai a shekarar 2012 labari ya bazu cewa yana iya miƙa wa kwamfuta ɗanyen abin da eriya ta kamo, ita kuma ta mai da shi murya.

Faɗin abin da yake kamawa a lokaci guda bai cika wuce megahaz 2,4 ba, alhali zangon FM ya tashi daga 87,5 zuwa 108. Ke nan mai son naɗar tashoshi da yawa tilas ya riƙa tsalle daga wannan mita zuwa waccan. To, a nan gizo ke saƙa.

In an ba da umurnin canzawa, na'urar na buƙatar ɗan lokaci kafin ta zauna daidai bisa sabuwar mita. Bayan haka, abin da ta riga ta kamo yana bisa hanya ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi kimanin kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa, kuma in kwamfuta ta yi nauyi sai su taru. Saboda haka farkon abin da ke shigowa na tsohuwar tasha ne. Abin da ya fi damuna shi ne, galibin fayilolin naɗi mita ɗaya tak suke rubutawa, wadda aka fara da ita. Sai ka sami maganar wata tasha ƙarƙashin sunan wata, wanda ya buɗe bayan shekara goma ya ɗora wa mutane abin da ba su faɗa ba. A ganina wannan shaidar zur ce, ko da na'ura ce ta yi ta.

Shi ya sa duk canji nakan rufe fayil, in canza mita, in zubar da rabin daƙiƙar farko, sannan in buɗe sabo mai ɗauke da mita da sa'a cikin sunansa. Ba na jin asarar wannan rabin daƙiƙa, don ɗanyen naɗi na cin wajen gigabait 17 a awa guda.