Maganar Tana Bakinta

Shekara ashirin da shida na yi ina koyarwa a Kafanchan, amma darasin da ya fi zauna mini a rai, wata yarinya 'yar shekara goma sha biyar ce ta koya mini shi.

Shan inna ya kama ta tun tana goye, da sanduna biyu ta ke tafiya. A 2019 aka mai da ajinsu saman bene. Kullum sai ta ba wata jakarta, ta hau matakala da rarrafe, yara na tsallake ta. Da damina kuwa, wanda ya san ruwan da ke taso mana daga wajen duwatsun Kagoro, ba sai an gaya masa yadda rigarta ke komawa ba.

Raina ya ɓaci, na yi shirin zuwa wurin shugaban makaranta. Har na haddace dokar hana wariya ga naƙasassu da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na shekarar nan, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyar shiga. Da na gaya mata, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, kowa magana ya ke yi a kaina, ba wanda ya taɓa tambayata."

Kunya ta rufe ni. Ai haka mu ke yi: likita ya tambayi uwa inda ke yi wa yaro ciwo, alhali yaron na zaune da bakinsa.

Mako uku muna zama bayan an tashi, tana rubutawa, ni nawa tambaya kurum. Ashe ba hawan ne ya fi damunta ba. Ban-ɗaki yana ƙasa, can bayan fili, don haka tun asuba ba ta shan ruwa sai ta koma gida. Da ni na je, da ban faɗi wannan ba, don ban sani ba.

Ranar da ta shiga ofis, murya na rawa ta ce, "Ranka ya daɗe, ba tausayi na zo nema ba." Ta karanta takardarta har ƙarshe. Cikin mako aka sauko da ajin. Ban-ɗakin dai, har ta gama makarantar ba a taɓa shi ba.

Bayan wata biyu sai ga ta da wani yaro kurma. Ta ce shi ma yana da magana, a ba shi takarda.