Mai Kwana da Injin Wankin Ƙoda

A ɗakin kulawa ta musamman na ga wata nas ta durƙusa tana duba jakar da ke rataye ƙarƙashin injin wankin ƙoda, ruwa rawaya-rawaya yana taruwa a ciki, ta rubuta adadinsa. Ƙodar majinyacin ta tsaya farat ɗaya, jininsa kuma ya sauka, ba zai jure wankin awa 4 da aka saba ba. Sai aka sa masa mai tafiya sannu a hankali dare da rana, dabarar da Peter Kramer ya fara a Jamus a 1977. Likita ya ba da umarni ya wuce, ita ce mai kwana da injin. Ta san in matsi ya fara hawa a matatar injin, jini na shirin daskarewa. Ta san jinin da ke zagayawa waje yakan huce, sai ta ƙara wa bawan Allah bargo. Lafiyayyun ƙoda kan tace wajen lita 180 kullum, ko motsinsu ba ma ji, ikon Allah. Nakan yi tunanin yadda sani irin nata ke dushewa in an daɗe ba a kunna injin ba, da kuma wanda zai zauna ya koya wa sabuwar da za ta karɓi aikin dare.