Damagaram zuwa Kano: Kusa a Sama, Nesa a Ƙasa

Tsakanin filin jirgin saman Damagaram da na Malam Aminu Kano, kimanin kilomita 200 ne in aka miƙe a sama. Ƙaramin jirgi mai farfela zai cinye wannan tazara cikin minti arba'in ko ƙasa da haka, har da tashi da sauka. Amma babu jirgin fasinja da ke zirga-zirga kai tsaye tsakanin garuruwan biyu. Wanda ya ce lallai ta sama zai je, sai ya fara yin yamma zuwa Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 700, sannan ya nemi jirgin da zai shigar da shi Najeriya.

Ni ɗan Damagaram ne, dangin mahaifiyata kuma suna Kano, shi ya sa wannan lissafi yake ci mini rai. Ta mota hanyar ba ta kai kilomita 250 ba: Matamai, Ɗan Barto, Kwangwalam, Daura, Kazaure, sai Kano. A hannun direban kirki tafiyar awa huɗu ce, amma shingayen jami'an duwan da na tsaro sukan mayar da ita ta wuni guda. Mai lafiya ya iya jurewa. Wanda na fi tausayi shi ne tsohon da ake kaiwa asibiti a Kano, yana kwance a bayan mota, ana sauke kaya ana lodawa a kan iyaka, rana tana dukansa. Na taɓa raka kawuna a irin wannan hali, ban kuma so in sake ganin haka ba.

Abin mamaki, tun 1925 jirgin sama ya sauka a Kano, lokacin Damagaram ce babban birnin Nijar, kafin Faransawa su mayar da shi Yamai a 1926. Tun kafin nan fatake suke bin wannan hanya da raƙuma da jakuna. Turawa ne suka shata iyaka, kowa ya juya hanyoyinsa zuwa nasa babban birnin, mu kuma muka gaji tsarin ba mu gyara ba. Da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, aka kuma sake rufe ta bayan juyin mulkin 2023, sai muka ga yadda zumunci da kasuwa suke rataye da hanya ɗaya tak.

Masu jirage za su ce ba riba, talaka ba ya iya biyan kuɗin tikiti. Da gaskiyarsu. Sai dai 'yan kasuwa, ɗalibai da marasa lafiya da ke bin wannan hanya kullum ba kaɗan ba ne. Ko jirgi ɗaya ne sau biyu a mako, a gwada mana. Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake, to a bar ƙafar ta samu hanya.